Bas ɗin Dai Shulan Daga Ƙofa Yake Tashi

Shekara talatin da ɗaya Dai Shulan ta yi tana yankan tikiti a bas cikin birnin Wuhan na ƙasar Sin, kuma duk wanda ya taɓa hawa motarta ya san tasha ba ta ɓacewa a bakinta. Daga bakin kogi zuwa ƙarshen layi tasha ashirin da bakwai ce, tana kiran su a jere da muryar da ke tayar da mai gyangyaɗi a kujerar baya. Ita ta yi ritaya, muryar ba ta yi ba. Shi ya sa ranar da ɗanta Kang Rui ya bugo waya daga Ostareliya ya ce suna tafe bikin sabuwar shekara, shi da matarsa Hazel da 'yarsu Mili, sai da mutanen hawa na uku na benensu suka ji labarin kafin ta ajiye wayar.

Mili shekararta biyar, Shulan kuwa ba ta taɓa riƙe ta a hannu ba. A waya kawai suke ganin juna, kuma ƙarshen ganin kullum ɗaya ne: Shulan ta zuba surutu da Sinanci, yarinyar ta yi tsuru-tsuru, can ta sulale daga gaban allon. Turanci kaɗai take ji, harshen uwarta. Abin yana ci wa Shulan rai fiye da yadda take nunawa, don jika ɗaya tal gare ta a duniya.

Rui ya ce kwana tara za su yi a ƙasar. Uku a gida, shida kuma shi da Hazel za su tafi yawon buɗe ido lardin Yunnan, alkawarin da ya yi mata tun kafin aure.

"Mama, in Mili ta sake da ke, mu bar miki ita har mu dawo. In kuwa ba ta sake ba, dole mu tafi da ita. Ba zan bar ta tana kuka ba."

Kwana tara ko kwana uku. Shulan ta kalli kalandar bango, saura wata huɗu, ta ce ai Turanci ba fin ƙarfin mutum ya yi ba.

Mijinta, Tsoho Kang, tsohon mai rarraba wasiƙu ne, ba abin da yake so a duniya kamar rubutu da buroshi. Kowace shekara shi ke rubuta wa maƙwabta jajayen takardun fatan alheri da ake mannawa a ƙofa, ragowar takardar kuwa ta cika akwati guda ƙarƙashin gado. Shulan ta sa ya yayyanka ta ƙanana. Sai ta faɗa wa waya sunan abu da Sinanci, waya ta maimaita da Turanci, Tsoho Kang ya kwafi haruffan a tsanake yana cije leɓe, ita kuma ta rubuta a ƙasa da biro haruffan Sinanci masu kama da sautin. Daga nan a manna a jikin abin. Cikin sati uku gidan ya koma ja. Ƙofa, takalmi, laima, madubi, agogo, kujera, har cokali sai da ya samu tasa takardar ɗaure da zare. Tsoho Kang ya ce yana tsoron ya yi barcin rana ya farka da takarda a goshi.

Shulan ta yi karatu yadda aka koya mata a makarantar firamare, wato da safe, a tsaye, da ƙarfi. Ƙarfe shida za ta tsaya a ƙofa ta dafa ta, ta kira sunanta, ta matsa ga takalmi, ga laima, ta ratsa falo, ta shiga kicin, ta leƙa banɗaki, ta bi ta ɗakin kwana, ta ƙare a baranda wajen igiyar shanya. Kalma ɗari da sittin. Zagaye biyar kafin karin kumallo, biyar bayan ta dawo daga rawar dandali da ƙawayenta. Daɗi take ji irin wanda ta manta rabonta da shi, jini na gudu, baki na aiki, har ta fara jan ƙarshen kowace kalma yadda take jan sunan tasha.

Wata safiya Tsoho Kang yana shan shayi ya ɗaga buta ya rufe takardar da yatsa, ya tambaye ta sunanta. Shulan ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Ta juya ta kalli ƙofa, leɓɓanta suka fara motsi, sai da ta yi kusan minti guda tana tafiya a zuci sannan ta iso kicin ta faɗi kalmar daidai.

"Tsohuwa, in gobara ta tashi fa, sai kin faro daga ƙofa?"

"Kai dai sha shayinka. Wa ka taɓa gani ya hau bas a tsakiyar titi?"

Ya yi dariya har ya ƙware, ita kuwa ba ta ga abin dariya ba, tunda ai ta faɗa daidai.

Saura sati guda biki aka yi sharar shekara, wadda ake fitar da ƙura da tarkacen tsohuwar shekara duka. Shulan ta bi takardun ta ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce don tsafta ne, amma gaskiyar magana ba ta son surukarta ta shigo ta ga satar amsa manne a ko'ina. Ta yi zagaye babu takarda ko ɗaya, ɗari da sittin cif, ba tuntuɓe. Ranar har soyayyen kifi ta yi wa Tsoho Kang don murna.

Suka iso ana jibi sabuwar shekara. Shulan ta sauko har bakin titi da silifas, ta hango 'yar ƙaramar yarinya mai gashi ruwan ƙasa da hancin Tsoho Kang sak. Ta ware hannu ta rangaɗa gaisuwar Turancin da ta tanada, da muryar bas. Mili ta zabura ta shige bayan uwarta. Hazel ta gaida surukarta da ladabi, da 'yan kalmomin Sinancin da ta iya, ta yi ta lallashin yarinyar ta ce "Nainai", yadda ake kiran kaka ta wajen uba. Mili ta ƙi. Har aka ci abinci aka tashi ba ta ɗago ido ba, tana rungume da wani tsumma mai launin toka, duk gefensa ya zare, ta tura kusurwarsa a baki.

Wannan tsumman ya tsaya wa Shulan a rai. Jikarta guda, a shiga sabuwar shekara da wannan ƙazanta a baki? Ga shi a al'adarsu kwanakin farko na shekara ba a wanki. Da asubar jajibiri, yarinyar na barci, tsumman ya zame ƙasa, Shulan ta ɗauke shi ta cuɗe shi da sabulu har sau uku, ta shanya a baranda, ta koma kan yankan nama tana yaba wa kanta.

Da hantsi Rui da Hazel suka fita kasuwa sayen kifin jajibiri, suka ce awa ɗaya, a bar Mili ta sha barcin gajiya. Ba su yi minti ashirin da fita ba kuka ya tashi daga ɗaki.

Shulan ta ruga. Mili na zaune tsakiyar gado, fuska jage-jage da hawaye, tana maimaita kalma ɗaya. Aka kawo ruwa ta ture, aka kawo lemo ta ture. Tsoho Kang ya kawo alewa, ya yi mata kukan agwagwa, kukan nata ya ƙaru. Ya ɗauko waya zai kira Rui, Shulan ta fizge ta daga hannunsa. In aka kira Rui magana ta ƙare, kwana uku ke nan. Ta tsaya ta saurari yarinyar da kyau. Ta san kalmar nan. Tata ce, tana cikin ɗari da sittin. Amma ta mece ce, a wace kusurwa take, kanta ya ƙi ba ta.

"Tsoho, matsa min."

Ta fita da gudu ta dafa ƙofar gida, ta kira sunanta da Turanci da dukkan muryarta. Takalmi. Laima. Madubi. Tana dafawa tana kira, kunnenta ɗaya na ɗaki yana riƙe da kalmar yarinyar, tana jiran inda biyun za su haɗu. Agogo, kujera, tebur, talabijin. Tana wajen firji ta lura kukan ya tsaya. Ba ta waiga ba, don in ta waiga jeren zai tsinke. Tukunya, buta, wuƙa, shinkafa. A bakin banɗaki ta ji an kama gefen rigar sanyinta ta baya. Ƙaramin hannu ne. Ta ci gaba, sabulu, tawul, buroshi, da fasinja guda a bayanta yana jan majina.

Suka shiga ɗakin kwana. Gado. Matashi. Ta dafa bargo ta kira sunansa, sai muryoyi biyu suka faɗi kalma ɗaya.

Shulan ta yi ihun da ya sa Tsoho Kang ya zubar da alewar. Ta yaye ƙaton bargon auduga ta miƙa wa yarinyar. Mili ta girgiza kai, ta haɗa hannuwa ta nuna abu ɗan ƙarami, ta kai shi bakinta. Nan Shulan ta gane ɓarnar da ta yi da asuba, kunya ta rufe ta. Ashe wannan tsumman bargo ne a wurin mai shi.

Da wata ce da ta miƙe kai tsaye baranda. Shulan kuwa ba ta iya tsallake tasha ba, kuma hannun nan na riƙe da rigarta, ba ta son abin da zai sa ya saki. Fitila, labule, taga, tana kira Mili na amsawa, wani wurin ma yarinyar na riga ta. Suka fito baranda, tasha ta ƙarshe, ga tsumma a igiya sharkaf, don sanyin Wuhan ba ya busar da ko hankici a wuni. Mili ta shinshina shi, ta ɓata fuska, leɓenta ya fara rawa. Shulan ta ce wa Tsoho Kang ya kawo na'urar busar da gashi, da gudu. Ta damƙa wa yarinyar na'urar, ita ta shimfiɗa tsumman a cinyarta. Iska mai ɗumi ta tashi, ta ɗaga gashin Shulan tsaye, Mili ta ƙyalƙyale da dariya, ta ƙara saita ta a kan kakarta da gangan.

Da Rui da Hazel suka dawo da kifi, sun tarar da jerin gwano yana ratsa falo. Shulan a gaba tana kira, Mili riƙe da rigarta da tsumma a wuya, Tsoho Kang a baya riƙe da rigar Mili, kowa da 'yar jar takarda a hannu a matsayin tikiti. Zagaye na bakwai ke nan. Rui ya ce yana yaro ya sha ganin uwarsa a bakin aiki, amma bai taɓa ganin ta tuƙi da yankan tikiti lokaci guda ba. Ta ce ya kauce, yana tare madubi.

Duk da haka Shulan ba ta saki jiki ba. Wasa daban, kwana shida babu uwa daban. Ranar sabuwar shekara Mili ta yi zagaye da yawa, ta ƙara wa layin tashoshi uku na kanta, kunnen Tsoho Kang, kifin da ke iyo a bokiti, da wata kyanwar maƙwabta, amma da ta ji barci wajen uwarta ta nufa. Kuma har lokacin ba ta ce Nainai ba.

Washegari da safe Rui ya jawo akwati biyu bakin ƙofa, ya ajiye ƙaramar jakar Mili a gefe, ba a ciki ba, ba a waje ba. Shulan ta tsaya wajen takalma tana goge hannun da babu komai a jikinsa. Hazel ta durƙusa ta yi wa 'yarta magana a hankali, doguwar magana, tana nuna waje tana nuna ciki. Shulan ta kasa kunne, ba ta tsinci ko ɗaya daga ɗari da sittin ɗinta ba, ta ji duk wata huɗun nan ba su tsinana mata komai ba.

Mili ta saurara ta gama. Ta rungume uwarta, ta rungume ubanta. Sannan ta dube su tsaye a buɗaɗɗiyar ƙofa, ta haɗe rai, ta faɗi wani abu tana tura gwiwar ubanta.

Rui ya fashe da dariya, idonsa ya kawo ruwa. "Mama, wai mu fita, mun tare tashar farko."

Suka ja akwatunansu suka fita. Mili ta jawo jakarta ciki, ta tura ƙofar da hannu biyu ta rufe, ta zagayo ta kama gefen rigar sanyin.

"Nainai," ta ce, ta nuna ƙofar.

Shulan ta ɗora tafinta a kan katakon. Kalmar da ta kira ya fi sau dubu, wadda ko cikin barci ba ta ɓace mata, ta zo maƙogwaro ta tsaya, don kuka ya riga ta zuwa wurin. Mili ta jira kaɗan, ta ga bas ya ƙi tashi, sai ta kira kalmar da kanta da ƙarfi, ta ja ƙarshenta yadda kakarta ke ja, ta tura ta gaba zuwa takalmi.