Garin Da Ya Roƙi Dodo Ya Taka Shi

"Garinku ne ya ci," in ji Kuramochi, editana, yana turo mini takarda ta kan tebur. "Ƙuri'a dubu goma sha ɗaya. Birane uku suka kayar."

"Ya ci me?"

"Haba, Chiho. Shiogora zai taka Hamanosu a fitowa ta farko. Sauran masu zane biki suke yi idan haka ta faru, ke kuwa kin yi kamar an aiko miki da sammaci."

Shiogora dodo ne na cikin littafin zane, ya fi hasumiya tsawo, daga teku yake fitowa. Iyayenmu sun tashi suna rububinsa duk mako, har aka daina buga shi shekara arba'in da suka wuce. Bara kamfaninmu ya ce zai dawo da shi, aka miƙa mini alƙalami. Ranar na yi kuka a cikin jirgin ƙasa don murna, mutane na kallona. Tun a zamanin da, garuruwa gasa suke yi a kan wanda dodon zai rushe, domin duk garin da ya taka sai baƙi sun cika shi suna ɗaukar hoto.

Amma Hamanosu ba irin sauran garuruwa ba ne. Ina da shekara goma sha uku teku ya hau shi da rana tsaka. Ya tafi da unguwarmu, ya tafi da makarantarmu, ya tafi da mahaifiyata.

"Ba zan zana ba," na ce.

"To sai mu ba Nagase."

"Nagase? Wanda ke kwafo gidaje daga hotunan intanet?"

"Shi dai ba ya sa ni jira. Ke kuwa sai kin zana gari lafiyarsa ƙalau, taga bayan taga, har da wanki a kan igiya, sannan ki bar dodo ya ɗora ƙafa. Ni ban ga laifinki ba, shi ya sa rushewarki take taɓa mutane." Ya cire tabarau. "Duba sunan farko a takardar."

Na duba. Onodera Shigeru. Rubutun Baba ne, mai karkata kamar iska na tura shi.

Washegari na kama jirgin ƙasa mai zuwa arewa. Hanya duka ina shirya maganganun da zan faɗa masa, masu zafi, irin waɗanda jarumai ke faɗa a littattafan da na karanta. Da na sauka, babu ko ɗaya da ta rage a bakina. Sabon garin yana nan yadda na bar shi: tituna miƙaƙƙu, gidaje iri ɗaya, da katangar siminti da ta tsaya tsakaninmu da teku, wadda ko kan rufi ka hau ba za ka ga ruwa ba.

Na tarar da Baba a shagonsa yana feɗe kifi.

"A'a, 'yar birni! Ƙashi da fata. A Tokyo tawada kuke ci?"

"Baba, me ya sa ka sa hannu?"

"Ko gaisuwa babu?"

"Teku bai ishe ku ba, sai kun gayyato dodo?"

Ya ajiye wuƙa, ya goge hannu a jikin rigar aiki. Ya shiga ciki ya fito da wani bayan kalanda a naɗe, ya shimfiɗa shi a kan akwatin ƙanƙara. Taswira ce ta fensir, an goge an sake, an goge an sake, har takardar ta yi laushi. Tsohon layinmu ne. Hannun mutane da yawa ne a kai.

"Wata takwas muna wannan faɗan," ya ce. "Sugawara mai aski ya rantse shagonsa ne a kusurwa. Matarsa ta ce ƙarya yake, mai gyaran keke ne. Shekara talatin yana aski a wurin, Chiho, ya manta inda ƙofarsa take kallo." Ya yi 'yar gajeriyar dariya. "Hotunanmu duk suna cikin ruwa. Waɗanda hukuma ke da su daga sama aka ɗauka, rufi kawai. Wa ya taɓa zama a kan rufi?"

Sai a lokacin na gane.

"Ba sabon garin kuke so ya taka ba."

"Wannan? Ko dodon ma sai ya yi hamma. Mun san yadda kike aiki. Kafin ki rushe abu sai kin gina shi. To gina mana. Shafi ɗaya ma ya isa."

"Shafi na gaba fa, Baba? Ka san abin da ke shafi na gaba. Ba za su buga gari yana zaune lafiya ba, mutane rushewa suke saya."

"Wannan ba sai na buɗe ba."

"Ni kuwa sai na zana shi! Kai za ka rufe littafi, ni zan zauna sati uku ina karya shagonmu katako bayan katako."

Ya sunkuyar da kai. Wata mata ta leƙo za ta sayi kifi, ta ga fuskokinmu, ta ce za ta dawo.

Na ja kujera na zauna gaban taswirar. Yatsana ya bi layin da kansa: gidan wanka mai dogon bututun hayaƙi, shagon alewa, itacen da muke ɗaure kekuna. Na iske kuskure biyu, ban san lokacin da na ciro fensir na gyara ba. Mai gyaran keke ne a kusurwa, matar Sugawara ce da gaskiya. Abin yana dawo mini da ƙamshinsa da hayaniyarsa, kuma ina son sa, ina son sa kamar in shiga takardar in rufe ƙofa. Idan na ƙi, Nagase zai zana katangar siminti, tsofaffin nan su mutu ɗaya bayan ɗaya kowa da guntun layinsa a kai.

A gaban shagonmu an yi ɗan da'ira, ba a rubuta komai ba.

"Wannan fa?"

"Uwarki," ya ce a hankali. "A bakin ƙofa, da tsintsiya. Na fara manta yadda take tsayuwa."

Idona ya cika. Sai wata dabara ta zo mini, na riƙe ta da hannu biyu.

"A kowane labarin dodo akwai mutane masu gudu. Zan sa Mama a cikinsu. Zan kai ta har kan tudu, Baba, tana tsaye kusa da kai. A littafina ni ke da iko."

"A'a."

"Me ya sa?"

"Domin ta kai tudun." Bai ɗago ba. "Ta kai, ƙafarta a kan matakala ta farko, hannunta a cikin nawa. Sai ta tuna Kaka Ume, tsohuwar nan ta layinmu, kurma ce, ba ta jin ƙararrawar gargaɗi. Ta zare hannunta ta koma. Ban taɓa faɗa miki ba, don kada ki tambaye ni me ya hana ni bin ta."

Shekara goma sha huɗu ina zaton ruwa ne ya riske ta a hanya.

"Kada ki yi mata ƙarya," ya ce. "Ni kina iya zana ni yadda nake, a kan matakala. Amma ita ba mai gudu ba ce."

Na so in yi masa ihu. Na so in rungume shi. Ban yi ko ɗaya ba. Na kalli hannunsa a kan taswirar, fari da sanyin ƙanƙara. Na ciro wayata na kira Kuramochi, ya ɗauka tun kafin ta gama ƙara.

"Ka bar Nagase da hotunansa," na ce, Baba na saurare. "Ni zan zana Hamanosu, tsohon, kuma ni zan rushe shi. Shafi biyu nake so a tsakiya, kada ka rage mini ko kusurwa. Kowa yana gudu zuwa tudu, mace ɗaya tana komawa."