Faifan da Ya Kwana a Ɗakin Kati

Murjanatu Jibril ta shekara takwas a ɗakin kati na wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a Daura. Ita ke buɗe wa marasa lafiya kati, ta shigar da sunayensu a kwamfuta, ta jera su a benci su jira likita. Kwamfutoci huɗu ne a asibitin, wata shuɗiyar waya da ta bi ta saman ƙofofi ta haɗa su: tata, da ta ɗakin magani, da ta ɗakin gwajin jini, sai 'yar ƙaramar da Dakta Yazid ke rufewa ya sa a jaka in zai tafi gida. Ta Murjanatu ce ta fi tsufa, kuma ita kaɗai ke da tiren da ake saka faifai.

Tiren ya zama abin nema tun da manyan asibitocin Kano da Katsina suka fara ba marasa lafiya hoton cikinsu a kan faifai. Da farko likita kan taso ya tsaya a teburinta ya duba, jama'a na zaune a benci suna leƙe. Abin bai yi masa ba, sai ya kira Mansur, mutumin da ke gyara musu na'urori. Mansur ya buɗe tiren ta cikin wayar nan, yadda duk faifan da Murjanatu ta saka, likita zai gani daga ɗakinsa. An fara da kalmar sirri, likita ya manta ta sau biyu a mako ɗaya, aka cire. Daga nan tiren ya zama a buɗe ga kwamfutocin huɗu duka. Murjanatu ta san da haka, shi ya sa da likita ya gama take cire faifai ta mayar wa mai shi.

Wata Talata da hantsi, Malam Ya'u Maiturare ya shigo. Mutumin garin Babban Mutum ne, yana bin kasuwanni da akwatin turarensa, kuma shi ne mahaifin Fadila, yarinyar da ke ba da magani a asibitin. Murjanatu ta tashi ta gaishe shi, ta ce ai Fadila yau hutu take. Ya ce ya sani, shi ya sa ya zo yau. Ya rame ƙwarai, rigar ta yi masa yawa, idanunsa sun yi ɗorawa-ɗorawa. Ya zaro ambulan mai ɗauke da faifai daga aljihu ya ajiye mata. Ya ce makonni biyu da suka wuce Dakta Yazid ya tura shi Kano aka ɗauki hoton cikinsa, a gida kuwa ya ce sarin turare ya je.

"'Yata, abu ɗaya zan roƙe ki," in ji shi. "Kada Fadila ta ji. Saura mako uku ta tafi makaranta. In ta tafi ta zauna, ni da bakina zan faɗa mata."

Murjanatu ta san zancen makarantar. Shekara uku Fadila na neman gurbin karatun harhaɗa magani a Zariya, sai bana ta samu. Tare suka je kasuwa suka zaɓi akwatin tafiya. Ta ce masa in sha Allahu ba zai fito daga bakinta ba. Ta saka faifan, ya shiga wurin likita.

Sun daɗe a ciki. Kafin su fito wuta ta ɗauke, kwamfutar ta mutu da faifan a cikinta. Janareton asibitin kuwa tun safe yake hannun mai gyara. Murjanatu ta danna maɓallin tiren, bai motsa ba. Ta sa farce ta ja, ta ji kamar zai karye, ta bari. Da Malam Ya'u ya fito ta faɗa masa abin da ya faru. Ya ɗan jira, amma motar garinsu ta kusa tashi, kuma da gani zaman benci yana wahalar da shi. Ta yi masa alkawarin da wuta ta dawo za ta cire faifan ta kulle a durowarta. Har aka tashi aiki wutar ba ta dawo ba.

Ta yi niyyar yin sammako washegari. Amma ƙaramar 'yarta ta tashi da zazzaɓi, sai da ta yi mata wanka ta ba ta magani ta kai ta gidan mahaifiyarta. Ba ta isa asibiti ba sai tara da rabi. Tun daga bakin ƙofa ta ji ƙarar janareto. Kulu, matar da ke shara, ta riga ta kunna kwamfutocin ɗakunan uku kamar yadda ta saba kullum.

Murjanatu ta jefar da jakarta, ta danna maɓallin, tiren ya fito. Tana mayar da faifan cikin ambulan ta ji mutum a bayanta. Fadila ce a tsaye da farar rigarta ta aiki, hannuwanta a cikin aljihu.

"Yaya Murja, yaushe Baba ya zo nan?"

Fadila ba ta ɗaga murya ba. Ta ce da safe ta shiga kwamfutar ɗakin kati ta cikin tata don ta ɗauko jerin magungunan jiya, kamar yadda take yi kullum, sai ta ga faifai a gefe ɗauke da sunan mahaifinta. Ta buɗe. Hotunan ba ta gane su ba, amma akwai takardar bayani a ciki, ita kuwa ta iya karanta irin wannan Turancin. Ƙari ne a hanta, ya yi girma, kuma ya fara taɓa wasu wurare.

"Kin sani kika yi shiru?"

"Ban san abin da ke ciki ba, Fadila. Wallahi ban buɗe ba. Ya dai ce kada in faɗa miki ya zo."

Fadila ta gyaɗa kai. Ta cire farar rigar ta rataye a bayan ƙofa, ta leƙa ɗakin likita ta ce masa za ta tafi gida. Ba ta jira amsarsa ba.

Murjanatu ta shiga ta faɗa wa Dakta Yazid komai, tun daga ɗaukewar wuta har makararta. Ya cire tabarau ya riƙe kansa. Ya ce laifin nasa ya fi nata, don shi ne ya sa aka cire kalmar sirrin. Amma ya kuma tambaye ta me ya hana ta zare wayar bayan kwamfutar kafin ta tashi jiya, ko ta kira Kulu da asuba ta ce kada ta kunna. Ita kuwa ko kaɗan wannan dabarar ba ta zo mata ba. Ranar nan ta rubuta sunan mutum biyu a katin da ba nasu ba.

Da rana Mansur ya zo ya rufe tiren, ya bar wa likita kaɗai hanya. Yana cikin aikin ya nuna mata wani ɗan rami a gaban tiren, ƙanƙane kamar idon allura. Ya ce in an zura tsinke ko fil a ciki, tiren zai fito ko babu wuta. Bai san me ya faru ba, koya mata kawai yake yi. Ta ce to, ta gode. Da ya fita ta zauna tana kallon ramin, shekara takwas yana gabanta ba ta taɓa lura da shi ba.

Ta kira Fadila sau uku a ranar, ba ta ɗauka ba. Lambar Malam Ya'u na cikin katinsa, amma ta kasa kira. Ta ga wannan magana ba ta waya ba ce. Ranar Asabar ta roƙi mijinta, Lawal, ya kai ta tasha. Ya ce mata ta yi tunani, wataƙila mutanen ba sa son ganinta yanzu. Ta ce ko za su kore ta sai ta je, faifan mutum na hannunta.

Ta isa Babban Mutum kafin azahar. Gero ya fara fitar da kai a gonakin bakin hanya, ƙasa a jiƙe da ruwan jiya. Ta tambayi gidan Maiturare, aka nuna mata. Yana kishingiɗe a zaure a kan tabarma, akwatin turarensa na gefe a rufe. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa a hankali. Ta ajiye ambulan a gabansa, ta faɗa masa yadda abin ya kasance, ba ta rage komai ba. Ta ce ya yafe mata.

Malam Ya'u ya ce shi bai san kwamfuta ba, bai gane yadda abu zai kasance a ɗaki guda a gan shi a wani ɗakin ba. Abin da ya gane shi ne ya ba ta ajiya, ya tafi da kwanciyar hankali.

"Ban ce kin yi da gangan ba," in ji shi. "Amma kin ga yarinyar nan tun Laraba take nan, ta ce babu inda za ta. Ni ba na son in kwanta a nan ina kallonta tana wanke mini kwano, alhali na san inda ya kamata a ce tana."

Ya ce in tana son ya sake da ita, to ta shiga ta lallashi Fadila ta tafi makarantarta. Ita ce babba, Fadila na jin maganarta.

Ta sami Fadila a tsakar gida tana tace koko. Suka gaisa kamar baƙi. Murjanatu ta zauna a kan turmi ta faɗi abin da aka aiko ta. Ta ce Zariya ba nisa, za ta riƙa zuwa ƙarshen wata, ga ƙannenta, ga mahaifiyarta. Ta ce irin wannan dama ba kullum take zuwa ba. Tana faɗa tana jin maganar ba ta da nauyi ko a kunnenta ita kanta.

Fadila ta bari sai da ta gama. Ta ce ta karanta takardar sau uku, ta kuma kira Dakta Yazid ya faɗa mata gaskiya. Za a kai shi Kano ranar Litinin a fara magani, amma ba a sa rai sosai ba. Ƙannenta yara ne, mahaifiyarta ba ta taɓa wuce Daura ba, wa zai bi layin asibiti da shi, wa zai ji abin da likitoci ke cewa?

"Da na tafi ban sani ba, sai a kira ni a ce in zo," in ji Fadila. "Ke da kin bar ni na tafi a haka?"

Murjanatu ta ce da ta bar ta, don alkawari ta ɗauka. Fadila ta kalle ta, ta mayar da kai kan ƙwaryarta.

Da Murjanatu ta tashi tafiya, Inna Lami, mahaifiyar Fadila, ta biyo ta har bayan danga. Ta riƙe mata hannu, ta yi ƙasa da murya don kada a ji a zaure. Ta ce wata huɗu tana kallonsa yana ture tuwo yana cewa ya ƙoshi, in ta tambaya ya ce gajiyar kasuwa ce. Ita ma bai faɗa mata ba. Ta ce Allah ya yi mata albarka. Murjanatu ta so ta ce ba wani alheri ta yi ba, sakaci ne, amma matar ta riga ta juya.

Dole ta bi ta zaure kafin ta fita. Malam Ya'u ya ɗago ya dube ta, ta girgiza kai. Ya ce to, Allah ya kai ta gida lafiya, ta gaida likita. Bai ambaci yafiya ba, ita ma ba ta sake roƙo ba.

Fadila ta rubuta wa makarantar ta nemi a ɗaga mata zuwa baɗi, aka amsa cewa sai dai ta sake nema. Aikin asibitin ma ta ajiye shi, aka ɗauki wani mai suna Zakiyyu a ɗakin magani. Bayan wata biyu ta zo karɓar takarda a wurin likita, kwana ɗaya da dawowarsu daga Kano. Ta tsaya a tagar ɗakin kati kamar kowa. Murjanatu ta tambayi jikin Baba, ta ce da sauƙi, yana ɗan shan kunu, jiya ma ya sa an buɗe masa akwati ya sayar wa maƙwabci turare. Murjanatu ta ce ko za ta shigo ta zauna kafin likita ya gama. Fadila ta ce a'a, benci ya ishe ta. Ta je ta zauna a tsakanin wata tsohuwa da wani mai ɗaure da ƙafa, har aka kira sunanta.