Takalman 'Yan Sintiri

Bayan an ƙona rumbuna a ƙauyen tsallaken rafi, kwamitin tsaro na garin su Mama Mildred, kusa da Kafanchan, ya yanke cewa duk namijin da sana'arsa ba ta dole ba ce zai hau dutse ya yi sintiri wata uku. An bar manoman citta da mai injin niƙa. Mai aski, mai hoto da shumeka kuwa, sunansu ya shiga takarda.

Shumekan nan, mai gyaran takalma, shi ne Abednego, ɗan marigayiya ƙanwar Mildred, mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa. Matarsa Doreen saura sati uku ta haihu, kuma su biyu ne kawai a gida.

A ajin da Mildred ta koyar shekara talatin aka yi taron. Ta zauna a baya tana jin Ciyaman Justin yana ta nanata cewa bindiga ce ke tsare gari. Ita dai ta daɗe da lura cewa masu faɗin haka a zaune suke faɗa.

Da aka kira sunan Abednego, ta miƙe.

"Justin, wa ya ce gyaran takalmi ba dole ba ne?"

"Mama Ticha, kowa ya sani ai. Yaƙi muke yi, ba zuwa coci ba."

"To. 'Yan sintirin da suka sauko jiya, ku fito gaba. Ku jeru."

Maza goma sha ɗaya, wasu har da furfura, suka jeru kamar ranar duba farce. Duk ɗalibanta ne a da.

"Kowa ya ɗaga ƙafar dama."

Aka bushe da dariya, amma suka ɗaga. Nan dariyar ta tsaya. Takalmin wani ya buɗe baki kamar kada, wani ya ɗaure nasa da roba, biyu silifa suka sa. Hussaini direba, da ke ƙarshen layi, tsumma ne naɗe a diddigensa.

"Hussaini, me ya same ka?"

"Kututture ne, Mama. Ranar da aka biyo mu sol ɗin takalmina ya cire, na taka shi, sai goya ni aka yi."

"Da mai goyon ya gaji fa?"

Ta juya ga Justin. "Ka ba Abednego bindiga, ka ƙara mutum ɗaya da za a goya. Ka bar masa allurarsa, ka samu ƙafa ashirin da biyu."

Justin ya daɗe yana kallon takardar. Bai soke sunan ba. A gefensa ya rubuta: sintirinsa a kan bencin aikinsa.

Da la'asar takalma suka taru tuli a ƙofar Abednego. Doreen na zaune a tabarma tana haɗa su biyu-biyu. Mildred ta gane wani baƙi mai ramin yatsa, ta ɗaga shi sama.

"Wannan na Ciyaman ne. Ka sa shi ƙarshe, ɗana. Ba na dole ba ne."