Littafin da Ustaz Fikri Ya Buga

Ƙarfe goma sha ɗaya na safe, yayyafi yana sauka a Iskandariyya, Ustaz Fikri ya shigo shagon hoton takardu da nake aiki, surukinsa Injiniya Tamir, mijin 'yarsa, na biye da shi.

Ustaz Fikri malamin lissafi ne, shekara talatin da alli a hannu. Makarantarsu ta ce nan da mako uku ya fara koyar da Python, yaren da ake ba kwamfuta umarni da shi, in ba haka ba a kawo wani matashi.

"Wa'il, buga wa Baba wannan," in ji Injiniya, ya miƙo mini wayarsa. "Shafi dubu da ɗari biyu, juzu'i biyu. Da shi manya suke koyo."

Ni dai aji uku na tsaya, amma shekara shida ina buga littattafan nan. Wannan ƙaton, mutum ya fi ɗari sun ɗauki juzu'i na farko. Na biyu kuwa, ban taɓa ganin wanda ya dawo nemansa ba.

Na ce, "Injiniya, kai ka gama shi?"

"Ina da shi a gida."

"Allah ya ƙara ilimi."

Sai na jawo wani siririn littafin Python, mai hoton maciji da hular bacci, na ce, "Ustaz, wannan fa masu shi kan dawo bayan kwana goma su nemi na gaba."

Injiniya ya kwashe da dariya. "Na 'yan firamare! Haba Wa'il, so kake Baba ya shiga ɗakin malamai da maciji mai hula?"

Ustaz ya ɗan buɗe shi, ya karanta rabin shafi, har leɓensa na motsi. Da ya ji idon surukinsa a kansa, ya ajiye.

"Buga babban, ɗana. Na farko kawai, tukuna."

Suka tafi shan shayi. Na buga babban, na buga siririn, na haɗa su a bango ɗaya, siririn a gaba, na rufe da baƙin bango irin na littattafan manya.

Ustaz ya dawo shi kaɗai. Ya ɗaga bangon, suka haɗa ido da macijin. Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau.

"Tawadarku ta fara dushewa," ya ce, ya sa shi a hammata ya fita.