Takardar Gyaran Sunan Ummi

"Faɗi sunan, Jafaru," in ji Malam Dabo. Yana jingine da bangon zaurensa, biro a hannunsa.

Na sunkuyar da kai. Sunan mahaifiyata na sa wa 'yata, shi ya sa muke ce mata Ummi. Ranar da na kai ta firamare kunya ta hana ni faɗin sunan yanka, na ce a rubuta Ummi. Haka ya bi ta har takardar gama sakandare. Wajen yin katin ɗan ƙasa kuwa uwarta ce ta raka ta, aka sa na gaskiya. Yanzu makarantar koyon jinya ta ce mutum biyu ne, in ba a kai takardar gyara ran Litinin ba, gurbinta ya tafi.

Malam ya shekara talatin yana koyar da Turanci a Dutsi kafin ya dawo Daura, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Tun damina ciwon ƙirji ya kwantar da shi.

"Malam, ka rubuta a canza kawai."

"A'a. In ka ce canji sai su ɗauka wata yarinyar ka kawo. Amend za mu sa. Ita ake amfani da ita a doka ko takarda, abin yana nan, kuskuren ake cirewa." Tari ya sarƙe shi, na miƙa masa ruwa.

"Ai ka san sunan, Malam."

"Na sani. Gaban mai rantsarwa a kotu ma ni zan faɗa maka? Ƙato da furfura! Je ka, ka dawo gobe da bakinka."

Washegari da hantsi muka ji salati ta kan katanga. Kafin sallar Juma'a mun kai shi makwancinsa. Allah ya yafe mini, ina cikin sahun jana'iza takardar nan tana faɗo mini a rai.

Ran Lahadi matarsa, Inna Rabi, ta tsaya bayan labulen zaure ta miƙo ambulan. "Ranar da ya rasu, bayan asuba ya ƙarasa ta. Ya ce saura naka."

Na zauna a dakalinsa na buɗe. Rubutun ya karkace zuwa ƙasa, amma ya kai ƙarshe. A tsakiya ya bar fili, ya ja layi, ga bironsa a cikin ambulan ɗin.

Na waiga, babu kowa sai akuyarsa tana tuƙa. Na ce, "Murjanatu," a hankali. Sannan na cire murfin biron.