Jinin Akuyar Kawu

Kawuna shekara talatin yana yi wa mutane allura a asibiti, amma ko tsinke ka nuna masa sai ya tuna yana da uzuri. Tun da ya yi ritaya ba shi da aiki sai wata akuya da marigayiya matarsa ta bari. Shi ke tatsarta, ya kafa kai ya shanye nonon da ɗuminsa, tafasawa kuwa wai ɓata lokaci ne.

Ni a ɗakin gwaji nake aiki, a wani bincike da ya haɗa likitan mutane da na dabbobi da mai duba ruwa, mutum uku da ko gaisuwar kirki ba ta haɗa su. Muna bin wani zazzaɓi ne da ake ɗauka daga ɗanyen nono. Dabbar da aka samu da shi sai yanka.

Ranar da muka je gidan Kawu ya ce a ɗebi ruwan rijiya, a ɗebi jinin akuya, amma ba mai ɗibar nasa, shi lafiyarsa ƙalau. Ga gumi na tsiyaya, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. Da aka gama, ya tura mu zaure shan ruwa, wai zai kula mana da akwatin kwalaben.

Washegari na ɗora jinin akuyar a na'ura. Ƙwayoyin jinin akuya ƙanana ne ƙwarai, waɗannan kuwa manya ne, na ɗan Adam sak. Ashe tsohon nan zubar da nata ya yi, ya rufe ido ya soki kansa ya cika kwalbar, wai don akuyar ta tsira daga yanka. Kuma cutar na ciki, ba kaɗan ba.

Raina ya ɓaci, na kuma tsorata. Na bar takardar sakamako ta fita da sunan akuya, in ga iyakar wayonsa.

Likitan dabbobi ya iso da igiya, ni da likitan mutane muna biye.

"Baba, sai haƙuri," in ji shi. "Tana da shi."

"Injinku ne ya lalace," in ji Kawu.

"Sau biyu aka gwada."

Kawu ya kalle ni, na kalli bango. Sai da aka sa wa akuyar igiya ta fara turjewa sannan ya naɗe hannun riga. Wurin ya kumbura ya yi baƙi, sukar ta fi biyar.

"Jinina ne," ya ce. "In yanka za ku yi, ga ni."

Likitocin suka kalli juna, karo na farko a wata shida. Na dabbobi ya durƙusa ya ɗebi jinin akuyar da kansa, ya zura kwalbar a aljihunsa. Na mutane ya fara yi wa Kawu bayanin maganin sati shida, amma ba ya ji, ni yake kallo.

"'Yar nan, in nata ma ya nuna fa?"

"To daga ina ka ɗauka, Kawu?"

Ya ɗauko ƙwaryar tatsa ya kife ta, ya zauna a ƙasa kusa da akuyar.