Ɗiyar Gidanmu

A shekarar 1956 wani kamfanin sabulu na Ingila, wanda ya daɗe yana sayen gyaɗar ƙasar Katsina, ya tuna cewa masu noman gyaɗar suna da 'ya'ya. Sai ya kafa gidauniya, gidauniyar ta aiko wa ɗakin shan magani na Jibiya katan goma na man ciwon ido da madarar gari. Ta haɗo da sharaɗi guda: sai yaron da aka haifa a ƙasar Ingilishi. Rabin gyaɗar da kamfanin ke saye a kan jakuna take tsallakowa daga ƙasar Faransi, kuma ba a taɓa tambayar ta inda aka haife ta ba.

Malam Kalilu ne mai ba da magani. Ran da za a fara rabo, ranar kasuwa ce, gidauniyar ta turo wata Baturiya ta ga yadda ake yi. An gaya mata tun a Kaduna cewa matan bakin iyaka suna aron 'ya'yan maƙwabta don su sami madara, saboda haka ta zo a shirye.

Wajen hantsi layi ya kawo kan Safiyatu. Daga wani ƙauye take a hayin Faransi, tafiyar mil bakwai, goye da yarinya 'yar shekara huɗu. Idanun yarinyar sun manne da kwantsa, na hagu ya fara yin fari-fari. Kallo ɗaya Malam Kalilu ya yi, ya san in aka ƙara wata guda idon ya tafi.

"Ɗiyarki ce?" ya tambaye ta.

Safiyatu ta sunkuyar da kai. "Ta gidanmu ce."

"Mi sunanta?"

Ta shiga murza bakin zane.

Baturiya ta nemi fassara, ya fassara mata. Ta rufe alƙalaminta da gamsuwar wanda ya sami abin da ya zo nema. Mace daga Faransi, ba ta ce 'yarta ba ce, ba ta ma san sunanta ba. Ta ce a kira ta gaba.

Malam Kalilu bai kira ta gaba ba. Shi kansa ɗan fari ne, har uwarsa ta rasu bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ya sake duban Safiyatu.

"Ta fari ce ke nan?"

Kanta ya ƙara yin ƙasa.

"To ina kika yi goyon ciki? Ina gidan tsohonki?"

"Mazanya," ta ce a hankali.

Ya juya ya yi wa Baturiya bayani da Turancinsa na makarantar Midil. A nan uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta kuma nuna tata ce a gaban mutane. Kuma haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta. Gidan iyayen wannan a Mazanya yake, Mazanya kuwa ƙasar Ingilishi ce. Baturiya ta ce labarin ya yi kyau, amma tana son shaida.

Shaida tana bakin kasuwa tana sayar da daddawa. Aka kira Hajo, uwar Safiyatu, ta shigo da ƙwaryarta a ka, ɗakin ya cika da warin abin da ke cikinta.

"Inna, a ina aka haifi yarinyar nan?"

"Nana? Kai Kalilu, ka yi boko har ka manta da hankali? A ɗakina! Ni na yanke cibi. Mabiyiyarta na nan bayan rumbuna. In Baturiyarka na so, ta ɗauko hauya mu tahi in tono mata."

Malam Kalilu ya fassara komai ban da hauyar.

Baturiya ta ɗan yi laushi, amma ta ce dole uwa ta amsa da kanta. Hajo ta yi tsaki. "Ta amsa? Gaban uwarta? Ban haifi marar kunya ba."

Malam Kalilu ya jawo takardar gidauniyar ya karanta ta a tsanake. Waɗanda suka rubuta ta a Landan sun ɗauka babu uwar da ta iya sa hannu, don haka abin da suka nema shi ne ta dangwala yatsa. Ba su ce ta yi magana ba. Ya nuna wa Baturiya layin, ya tura tawada gaba.

Safiyatu ta juya fuskarta ga bango, ta miƙo babban yatsa ta baya, kamar hannun na wata ne. Ya dangwala. Da ya zo sa maganin ita ta riƙe kan yarinyar, tana kallon bangon dai.

A rahoton da Baturiya ta aika Ingila ta rubuta cewa uwayen wannan yanki ba su cika shaƙuwa da 'ya'yansu ba, ta ba da shawarar a buɗe aji don koya musu. Gidauniyar ta amince nan take.

Kwana goma sha huɗu Safiyatu ta yi tana goyo yarinyar mil bakwai zuwa, mil bakwai komawa. A rana ta ƙarshe Nana ta buɗe idanu biyu tangaran, ta nuna ƙadangare a jikin taga. Malam Kalilu ya ce an gama. Safiyatu ta yi godiya a madadin mutanen gidansu, ta goya ta suka tafi.